Sakataren da dattawa ke ce wa "sake faɗa": amsa kan zaɓen kalma da gyaran lafazi

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Bunkure. Bana aka zaɓe ni sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani saboda na gama sakandare. Damuwata ita ce duk sanda na miƙe yin bayani a ƙofar gidan dagaci, sai dattawa su riƙa cewa "sake faɗa". Wani ma ya taɓa ce mini ina magana kamar ana korata. Don Allah a taimaka mini da jerin kalmomi masu nauyi da zan riƙa sakawa, da kuma yadda zan gyara lafazina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya taya ka riƙo.

Jerin nan da ka roƙa ba zan ba ka shi ba, kuma ba rowa ba ce. Na shekara fiye da 30 ina koyar da Hausa a makarantun karkara tsakanin Kano da Jigawa, na kuma sha zama alƙalin muhawarar ɗalibai. Yaron da ya fi gajiyar da ni shi ne wanda zai haddato "bugu da ƙari" da "alal haƙiƙa" da "ko shakka babu", ya zo ya zazzage mana su. In ya zauna ka tambayi na kusa da kai me ya ce, sai ya taɓe baki. Dattijon da ya ce maka "sake faɗa" bai yi kewar manyan kalmomi ba. Ɗayan biyu ne ya faru. Ko dai kalmar da ka ɗauko ta yi wa abin da kake nufi yawa, kamar rigar aro, ko kuwa kalmar daidai take, bakinka ne ya tauye ta kafin ta isa kunnensa.

Mu fara da rigar aron. A ce kana ba da rahoto ka ce, "Wane ya karɓi gonar wane." Ba ka faɗi komai ba tukuna. Aro aka ba shi, ya noma ya mayar ba tare da ko sisi ba? Haya ce, ya biya kuɗin shekara? Jingina ce, gonar tana hannunsa har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa? Ko sayarwa ce, an yi shaidu an sallama? Kalma huɗu ke nan, kowacce da hukuncinta, kuma rabin shari'ar da ake kai wa dagaci daga nan take tasowa: uba ya ba da aro, ya rasu, 'ya'yan wancan su ce jingina ce. Haka aro da rance. Garma ko injin ban-ruwa ake ara, domin shi ɗin dai za a dawo da shi. Kuɗi ko tiyar gero kuwa rance ake yi, tunda wanda aka karɓa za a kashe ko a cinye, madadinsa za a kawo. Waɗannan su ne kalmomi masu nauyi a wajen manomi, kuma duk ka san su tun kana bin Baba gona. Makaranta ce ta sa kake ganin kamar sun yi maka ƙanƙanta.

Dubi aikatau ɗaya kawai, ka ga yadda ƙarshensa ke juya magana. Ya sayi taki. Ya sayo taki, wato ga shi nan ya iso. Ya saye takin, bai bar wa kowa ba. Ya sayar da takin. Takin ya sayu. Tsakanin sayi da sayo da saye wasali ɗaya ne tak a ƙarshe. Riƙe wannan, zan dawo kansa in mun zo maganar sauri.

Lokaci ma haka. "Anjima" da "nan gaba kaɗan" da "wani satin" ba alƙawari ba ne, mafaka ce. Hausa ta ba ka gobe, jibi, gata, citta. Ta ba ka sassafe, hantsi, walaha, azahar, la'asar sakaliya, almuru. In ranar da za a sako ruwan madatsar Tiga a layinku kake sanarwa, ka ce "jibi Laraba, da hantsi". In kuɗi ne ka faɗi adadinsa da abin da ya hau kai: naira kaza kowace kadada, ba kowane mutum ba. In awo ne ka ce mudu ko tiya ko buhu, kada ka ce "kaɗan".

Sai kalmomin da ke nuna inda ka samo magana. Su ne garkuwar sakatare. Bahaushe ya raba ganau da jiyau, kai ma ka raba su a bakinka. "Da idona na gani" daban, "shugaba ne ya gaya mini" daban, "na ji ana cewa" daban, "a ganina" daban. Ka yi hattara da "wai". Ƙaramar kalma ce amma tana da ƙaya. "Ma'aji ya ce kuɗin sun cika" rahoto ne. "Ma'aji ya ce wai kuɗin sun cika" kuwa, duk wanda ke wurin zai ji kamar ba ka gaskata shi ba, ko da kai ba haka ka nufa ba. Na ga zumuncin da "wai" ɗaya ta ɓata.

Akwai wasu 'yan kalmomi shida da nake kira gishirin Hausa: dai, fa, ma, kam, kuwa, kuma. Ba su da ma'anar da za ka nuna da yatsa, amma su ke gaya wa mai sauraro inda zuciyarka ta karkata. Ɗauki jimla guda ka gwada. "Ni ma ban biya ba": akwai wasu, ina cikinsu. "Ni dai ban biya ba": kaina kawai na sani, ban ɗauki nauyin kowa ba. "Ni kam ban biya ba": ko kowa ya biya, ni ga matsayina. "Ni fa ban biya ba": a lura, kada a rubuta ni cikin waɗanda suka biya. "Ni kuwa ban biya ba": saɓanin abin da aka faɗa yanzu. Ka ga mutum biyar ke nan, kowa da halinsa, alhali abin da ya faru ɗaya ne. A gaban manya, wannan bambanci shi ne tsakanin ladabi da tsaurin ido. "Ranka ya daɗe, a duba dai" roƙo ne. "Ranka ya daɗe, a duba fa" gargaɗi ne, kuma yaro ba ya yi wa dagaci gargaɗi a bainar jama'a. Matasa da yawa da ake ce wa ba su da kunya, "fa" ce kawai ta yi musu yawa a baki.

Wani ramin da ake faɗawa shi ne "shi" da "ya" da "masa". "Ya ce masa ya ba shi kuɗinsa." Mutum nawa ne a nan? Biyu, uku, ko huɗu? Kai da ka san labarin kana ganinsu a ranka, mai sauraro kuwa duhu yake lalube. Maimaita suna ba gazawa ba ce. Ka ce ma'aji ya ce wa mai injin ya ba direba kuɗin direban.

Kalmomin haɗa zance kuwa, kaɗan sun ishe ka, muddin kowacce ta yi aikinta. "Saboda" dalili ke bin ta. "Don haka" sakamako ke bin ta. "Amma" da "sai dai" juyawa suke yi. "Wato" alƙawari ce cewa za ka sake faɗar abin cikin sauƙi. In ka ce "wato" sannan ka kawo sabon zance, ka yaudari kunnen mutane. Yawancin masu "wato, wato" numfashi suke nema, ba fassara ba. In numfashi kake nema, yi shiru ka shaƙa. Shirun bai kai tsawon da kake zato ba.

Turanci fa? Kalmar da ta riga ta zama 'yar gida, irin su kwamiti, rasit, banki, injin, direba, ka faɗe ta yadda kakarka ke faɗinta. Wadda ba ta zama ba, ka bar ta a makaranta. Habaici da gugar zana da hannunka-mai-sanda kuma suna da ranarsu, ni ma ina jin daɗinsu a bakin gwani, amma ba a rahoton kuɗin jama'a ba. Je ka kasuwar Wudil ranar Juma'a ka tsaya a kara, wajen dillalan shanu. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce "albarka", an san bai sayar ba. Ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Dukiya mai yawa ke sauya hannu a kan kalma ɗaya, kuma ba mai cewa a sake faɗa.

Yanzu lafazi. Ka yi makarantar allo, ka san yadda aka bi da kai: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kafin a bar ka ka haɗa. In ka zauna gaban mai tajwidi kuma, abin da zai fara gaya maka shi ne a ba kowane harafi haƙƙinsa, a ja inda ake ja. To Hausa ma tana da nata haƙƙoƙin guda uku: baƙin kansa, tsawon wasali, da karin sauti, wato hawa da saukar murya. Matsalar ita ce rubutun boko na farkon kawai yake nunawa. Biyun nan na baya, mai karatu ne ke ɗora su daga kansa.

Na farkon ba zai ba ka wahala ba, tunda da Hausa ka buɗe baki. Masana suna kiran ɓ da ɗ haɗiyau, domin kamar ana haɗiye iska ake furta su, suna kiran ƙ da ts tunkuɗau. Inda za su kayar da kai shi ne wajen karanta saƙon waya, domin mutane da yawa ba sa sa ƙugiyar. An shigo da haruffa masu ƙugiya cikin boko tun shekarun 1930, zamanin da ake aikin fassara da ɗab'i a Zariya, kafin a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma ba don ado aka yi ba. Kafa da ƙafa, kare da ƙare, baki da baƙi, bari da ɓari. Wanda ya karanta "an kare aikin" a maimakon "an ƙare aikin" ya ba da wani labari daban. Saboda haka kada ka taɓa karanta takarda a gaban jama'a sai ka karanta ta kai kaɗai tukuna, da murya, ba a zuci ba.

Akwai ma bambancin da boko bai nuna ba ko kaɗan: ra iri biyu. Ɗaya harshe ke karkarwa, ana ce mata ra-gare. Ɗaya kuwa harshe ke lanƙwashewa ya bugi ganɗa sau ɗaya, ita ce ra-kaɗe. Barar almajiri da ta farko ake faɗinta, baran gidan sarki da ta biyu. Faɗi su a jere ka ji inda harshenka ke zuwa.

Tsawon wasali da karin sauti su ne inda nake so ka daɗe. Gari na mutane gajere ne, gaarin tuwo ana jansa. Gadon kwanciya gajere ne, murya a sama. Gaadon mamaci ana jan farkonsa, murya ta sauka a ƙarshe. Kukan yaro murya a sama take har ƙarshe, kukar miya kuwa sauka take yi. Wuyan da ke ɗauke da kai sama ne sannan ƙasa, wuyar aiki ƙasa ce sannan sama. Mutanen Kura maƙwabtanku, da suka gaji rini, sun san baban da ake zubawa a karofi ba a kiransa da muryar da ake kiran Baba mahaifi. Ga wadda ta shafi aikinka kai tsaye: "An tara tarar mutum tara." Ta farko a ja ta, murya ta sauka. Ta biyu a ja ta, murya ta hau. Ta uku gajera ce, da ra mai karkarwa. A hira ba ka taɓa kuskure a kansu. Sai ka riƙe takarda hannu na rawa, murya ta miƙe ɗoɗar kamar layin kanal, duk su zama abu ɗaya.

Bari in ba ka abin da na gani a wani ƙauye da na yi koyarwa. Ƙungiya ce irin taku, ana rabon taki, sai wanda ya biya ake ba. Shugaba ya yi tafiya, ya aiko wa sakatare saƙon waya: "Ka gaya wa ma'aji na ce wane ya biya." Sakatare ya karanta da jan ya: yaa biya, wato ya riga ya sauke nauyi. Ma'aji ya sa alama, aka ɗora wa mutumin buhu 2 a amalanke. Ashe shugaba gajeren ya yake nufi, mai saukar murya, wato umarni: a ce masa ya kawo kuɗi. Akwai ma karatu na uku, wanda murya ke farawa sama ta faɗo, ma'anarsa zai dai biya wata rana. Rubutu ɗaya, hukunci uku. Sai da aka zauna gaban dagaci, ana zargin ma'aji da son kai, sakatare da haɗin baki, alhali ba wanda ya ci ko ƙwandala. Da aka gane, wani ya ce ai da shugaba ya sa "lalle" da an huta. Na ce ko kusa, "lalle ya biya" ma tana karantuwa ta fuska biyu. Abin da ke raba gardama shi ne "ya riga ya biya" ko "sai ya biya tukuna". Wannan tarkon yana nan a "ka" da "ta" ma: ka zo, ta tafi. Duk inda ka gan shi a takardar ƙungiya, ƙara kalmar da za ta toshe ɗaya hanyar. In kuma kana shakkar yadda ake furta wata kalma, Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 yana nuna tsawon wasali da karin sauti.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa kyakkyawan lafazi shi ne ka bar harshen garinku. Gaskiya ne a kan Kananci aka gina Daidaitacciyar Hausa, amma Bakano ma ba yadda ake rubutawa yake magana ba. Wasu na cewa "biyal", Basakkwace ya ce "biyat", takarda ta ce biyar. Mu ce zauna da sauka, na yamma ya ce zamna da sabka, ya ce tahi inda muke cewa tafi. Ba wanda ya yi kuskure a ciki. Kuskure shi ne furucin da ke sauya ma'ana ko ya ɓoye ta. Haka masu ƙoƙarin mayar da kowace kalmar aro gidan iyayenta. Harafin Larabcin nan da almajirai ke kira lodi, kakanninmu da lam suka karɓe shi, shi ya sa muke da alƙali, alwala, larura, lamiri da layya. A karatun Alƙur'ani ka fitar da shi daga mafitarsa yadda malamin tajwidi ya koya maka. A zancen Hausa kuwa alƙali alƙali ne. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a cunkushe, shi ya sa muka ce burodi da fulawa da sitiyari. Wanda ya murɗe baki ya faɗe su da Turanci a ƙofar gidan dagaci bai burge kowa ba.

To, saurin da aka ce kana yi. Wannan ba ciwon baki ba ne, tsoro ne. Kana so ka gama ka zauna, sai ka riƙa cinye ƙarshen kalmomi. Ka tuna sayi da sayo da saye? Hausa a wutsiyar kalma take ajiye ma'ana da yawa, mai cinye wutsiya kuwa ma'anar yake cinyewa. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya jero magana da gaggawa, yana yin ta ne yadda mai ƙirgawa zai iya ƙirga ta. An kuma ruwaito daga Anas cewa yakan maimaita kalma sau uku domin a fahimta. Kai ma adadin kuɗi da ranar taro ka faɗe su sau biyu aƙalla, ka dakata bayan kowanne. Saurari mai shelar garinku in ya fito da yamma: wanda ya aiko shi, abin da aka ce, ranar da za a yi, ya maimaita, ya wuce. Bai yi sakandare ba, amma ba a taɓa tare shi a ce ya sake faɗa.

Abin da zan sa ka yi a gida kaɗan ne. Ka koma wa karya-harshen da kuka yi a dandali, wanda wasu ke kira gagara-Gwari, sunan da ba na so domin tsokanar maƙwabta ce. "Turmi ture kura, kura ture turmi." Da na ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto. Yara da gudu suke yin su don a yi dariya. Kai a hankali za ka yi su, kana buɗe baki, har kowace gaɓa ta fito da ƙafarta, sannan ka ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Ka ɗauki muryarka a waya kana karanta rahoton, ka saurara. Ranar farko ba za ka so abin da ka ji ba, kowa haka ne. Ka riƙa sauraron masu karanta labarai a rediyo, ba don labarin ba, don ka ji inda suke tsayawa. Ranar taro kuma kada ka miƙe da goro a baki, kada ka sunkuyar da kai kana yi wa takarda magana. Ladabi a kalma yake, ba a binne murya ba. Gaisuwa ta zama gajera: sallama, ranka ya daɗe, iyayena da yayyena, sai ka ce abu kaza ne ke tafe da ni. In abu uku ne ka ce uku ne tun farko, domin dattijo ya san inda zai ajiye hankalinsa. Kafin ka tashi, addu'ar Annabi Musa tana nan a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa.

Ban ji alamar in'ina a bayaninka ba, amma tunda wasu za su karanta: in'ina daban take da rawar bakin tsoro. Yawanci tun yarinta take farawa, ta fi yawa ga maza, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Cire belu ba ya maganinta. Mai ita a ba shi lokaci, kada a riƙa ƙarasa masa kalma, in ta tsananta a nemi masu gyaran magana a babban asibiti.

Taronku na gaba, ka nemi dattijo ɗaya cikin masu zama can baya, in da hali wanda kunnensa ya fara nauyi. Shi za ka riƙa kallo kana magana. In an tashi ka bi shi har gida ka gaishe shi, ka ce, "Baba, nawa na ce za a kawo, kuma yaushe?" Abin da ya ba ka daidai ka bar shi yadda yake. Wanda ya kuskure, shi za ka sake wa kalma kafin zama na gaba, ka kuma rubuto mini yadda ka faɗe shi da farko in gani.